Ƙwayoyi Tara a Gwangwanin Maɓallai

Tun da na fara rubuta muku labarin nan nake ta kewaye-kewaye. Na ba ku labarin ɗinkin labulena, na ba ku na Mai Tabarau, har wasunku suka riƙa tsokanata a ƙasan rubutu wai amarya ta kusa. Amma akwai abin da na ɓoye muku, kamar yadda na ɓoye wa kowa a gidanmu. Yau zan faɗe shi, in ya so ku zage ni son ranku.

Kwana tara na yi ban ba mahaifina maganinsa ba. Ba mantawa na yi ba. Da gangan.

Ga wanda yau ya fara karanta ni: ni ce auta. Ummanmu ta rasu shekara huɗu ke nan. Yaya yana aiki a wani gari mai nisa shi da iyalinsa, gidan daga ni sai Abba, sai Goggo ƙanwarsa da take zuwa ta yi mana kwana biyu ta koma. Abba shekara talatin da ɗaya ya yi yana koyar da lissafi. Mutumin da yake haɗa lambobi a ka kafin ka gama danna su a waya, shi ne yanzu yake tsayawa a tsakiyar falo riƙe da buroshin haƙori yana tambayata na mene ne. Ciwon mantuwa, in ji likita.

Wata biyar da suka wuce aka ɗora shi a kan wata 'yar ƙwaya fara, ɗaya a rana. Likitan bai ɓoye mana ba, ya ce ba ta warkarwa, gudun ciwon kawai take ragewa. Kuma ba zan yi mata sharri ba, ta yi aiki. Abba ya dawo yana gane Yaya a hoton waya, ya dawo yana cewa, "Auta, kin rufe gas?" Ranar da ya fara faɗin haka sai da na shiga kicin na yi kukan daɗi.

Sai aka ƙara masa ƙarfinta, ta koma ruwan ɗorawa. Daga nan ne komai ya kwaɓe.

Amai safe da yamma. Gudawa. Ƙafafunsa su ɗaure yana zaune har sai na durƙusa na yi ta murza masa. Mugayen mafarkai suka sa aka mayar da shan maganin da safe. Ƙamshin abinci kawai zai ji ya kawar da kai. Da hannuna na ƙara wa bel ɗinsa huda biyu da ƙusa saboda wando ya daina zama a ƙugunsa. Na kira asibiti, nas ta ce jiki zai saba, ganin likita kuma sai nan da sati uku. Na tura wa Yaya saƙon murya har na minti huɗu, ya amsa min da layi ɗaya: "Ki daure. Ba ki ga ya fara gane mutane ba?"

Shi a waya yake ganinsa, minti biyar, bayan na yi masa wanka na taje masa gemu.

Ranar wata Laraba, ina kan keken ɗinki a baranda, na ji ya kira ni da wata irin murya. Na same shi a lungun da ke tsakanin ɗakinsa da banɗaki, ya dafe bango. Bai kai banɗakin ba, ya ɓata jikinsa. Abin da ya karya min zuciya, maganin ya dawo masa da hankalinsa daidai yadda zai san abin da ya faru da shi. Hawaye na bin gemunsa ya ce, "Auta, juya bayanki. Don Allah juya bayanki."

Washegari na ɓare ƙwayar, na kalle ta, na jefa ta cikin gwangwanin da nake tara maɓallai. Na ce kwana biyu kawai, cikinsa ya huta.

Kwana biyu suka zama tara. Don a rana ta uku Abba ya cinye shinkafarsa tas har ya miƙo faranti. A ta biyar ya ci ayaba biyu yana dariya da rediyo. A ta bakwai kuma na kawo masa shayi, ya ɗago ya dube ni da ladabi ya ce, "Sannu baiwar Allah. 'Yar gidan wa?"

Ku gaya min, in ku ne, wanne za ku zaɓa? Uban da ya san sunanki yana amai har jijiyar wuyansa na tashi, ko uban da ya ƙoshi yana yi miki kallon baƙuwa?

Ana cikin haka Asabar ta zo, ranar da Mai Tabarau zai kawo babbar yayarsa ta gaida Abba. Anti yake ce mata, ita ta riƙe shi tun yana ƙarami, maganarta ita ce magana a gidansu. Shi kuwa a shagon gwajin idon da yake aiki muka haɗu bara da na kai Abba canjin gilashi, lokacin ciwon bai yi nisa ba. Abin da ya sani shi ne Abba yana 'yar mantuwa irin ta tsufa. Yaya ne ya kafa min doka: "Kada bare ya ji sunan ciwon nan. Mutane ba su da kirki, cewa za su yi a jini yake."

Tun bakwai na safe saƙonsa ya shigo.

"Ranki ya daɗe, an tashi lafiya? Anti ta canza mayafi sau uku, kamar ita ake zuwa gani."

Na rubuta, "Ƙarfe nawa?"

"Biyu daidai. Me Abba yake so in riƙo masa?"

"Ayaba."

"Ayaba kawai? Surukin nan nawa ba shi da tsada."

Na yi murmushi na kife wayar a kan katifa.

Yaya tun ranar Juma'a da yamma ya iso, Goggo ma ta zo. Na share falo, na rataya sababbin labule ruwan zuma da na ɗinka, na fesa turare a kujeru, musamman ta Abba da na wanke rigarta sau biyu. Na fito da doguwar rigata ruwan toka mai ƙananan duwatsu a wuya na shimfiɗa a gado. Ina kicin ina yanka albasa na ji Yaya daga baranda.

"Auta, maɓallin rigata ya cire. Ina kike ajiye naki?"

Kafin in ajiye wuƙar na ji ƙarar murfin gwangwani.

Gwangwanin da nake ɓoye ƙwayoyin ne.

Ya shigo kicin da tafin hannunsa a buɗe, ƙwayoyin a jere, zare ja ya maƙale a jikin ɗaya.

"Mene ne wannan?"

Na ajiye wuƙar ina goge hannu da zani.

"Ba da ke nake ba? Ɗaya, biyu... tara. Tara! Shi ya sa jiya ya tambaye ni ko ni ne mai gyaran famfo?"

"Yaya, ba ya iya cin abinci. Kullum amai, kullum..."

"Likita kika zama? A ina kika yi karatun?"

"Na kira ka. Na kira asibiti. Babu wanda ya saurare ni."

"Sai kika yanke hukunci ke kaɗai a kan mahaifinmu!"

Ban san lokacin da bakina ya kuɓuce ba. "Ni kaɗai nake wanke shi ai."

Na ga maganar ta shige shi. Idonsa ya kaɗa ya yi ja. Goggo ta taso da sauri tana gyara ɗankwali.

"Kai, ku rufa mana asiri, yau da baƙi za su zo? Ke Auta, yayanki ne. Kai kuma ka sassauta, yarinyar nan ta gaji."

"Goggo, mutanen nan ƙarfe biyu za su shigo. In ya kalle ta a gabansu ya ce 'yar gidan wa fa? Ita nake rufa wa asiri, ita ba ta sani ba."

Ya juya ya ɗebi ruwa a kofi. Na bi shi har ƙofar ɗakin Abba ina cewa, "Yaya, ka bari mu tambayi likita tukuna, don Allah." Bai ko waiwayo ba. Abba yana zaune a bakin gado da farar jallabiyarsa, ya karɓi ƙwayar kamar yaro mai biyayya, ya haɗiye, har da cewa an gode.

Ƙarfe takwas da rabi ke nan.

Na koma kicin na ci gaba da aiki. Wajen sha ɗaya na shiga wanka. Da na fito na tarar da Goggo a ɗakin Abba tana goge masa baki da tawul, ta ce min, "Je ki shirya, ni zan kula da shi."

Da azahar ya ƙi abinci. Cokali biyu ya ture farantin. Na ga zufa ta tsattsafo masa a goshi alhali fanka na kansa. Na ce da Yaya, "Ka ga ya fara." Ya ce, "Zafi ne. Ki je ki saka kayanki."

Biyu saura minti biyar saƙo ya shigo: "Muna ƙofar gida. Zuciyata kamar ranar jarrabawa."

Na leƙa ta labule. Ya sa riga shuɗiya mai duhu, ya yi aski, ledar ayaba a hannu ɗaya, ɗayan yana riƙe wa Antinsa ƙofar mota. Ita doguwa ce, mai jiki, mayafinta ruwan ƙasa da jaka kalarsa, fuskarta irin ta mutanen da ba sa dariya sai da dalili.

Aka zauna a falo, aka gaisa. Yaya ya riƙo Abba ya zaunar da shi. Ni ina tsugune ina zuba lemo a kofuna, addu'a kawai nake a raina.

Mai Tabarau ya sauko daga kujera ya durƙusa. "Abba, ina wuni? Ya ƙarfin jiki?"

Abba ya ƙura masa ido ta saman gilashi. Sannan ya ɗaga yatsa. "Kai ne ka sa ni karanta haruffa a bango."

"Ni ne, Abba!"

"Layin ƙarshe ƙanana ne ƙwarai. Zalunci ne."

Falon ya ɗauki dariya, har Antin sai da ta murmusa. Yaya ya jefo min wani kallo, irin na kin gani ko? Ni ma na ɗan saki numfashi. Ban sani ba ko maganin ne, ko kuwa ranar ce ta zo masa da sauƙi, don yana da irin waɗannan ranakun.

Antin ta gyara zama ta fara magana a nutse, cewa ƙaninta ya daɗe yana ba ta labarin gidan nan, ta zo ne ta ga mutanen da idonta. Abba yana gyaɗa kai. Sai na lura leɓensa ya yi fari. Hannunsa ya tafi kan cikinsa.

"Auta," ya ce a hankali, "banɗaki."

Na ajiye tire na miƙe. Shi ma ya yunƙura ya tashi. Taku biyu ya yi. A na uku gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ya tafi gaba ɗaya, gefen kansa ya daki hannun kujera, gilashinsa ya yi tsalle ya faɗa ƙarƙashin teburi.

Goggo ta saka salati da ƙarfi. Yaya ya tsaya ƙiƙam kamar an dasa shi. Ni na zube a gabansa ina jijjiga shi, "Abba! Abba!" Amai ya biyo ta gefen bakinsa ya ɓata min gaban riga, duwatsun nan duka.

Mai Tabarau ne ya ture teburin da ƙafa. Ya juya Abba ya kwantar da shi ta gefe, ya sa yatsu biyu a wuyansa yana kallon agogon hannunsa. Na ga fuskarsa ta canza.

"Bugun zuciyarsa ya yi ƙasa sosai. Wane magani yake sha?"

Na kalli Yaya, Yaya ya kalli ƙasa.

"Ina tambaya, wane magani yake sha?"

Na tashi da gudu na ɗauko kwalin na miƙa masa. Ya juya shi ya karanta. Ya ɗago ya kalle ni, kallon da bai fi daƙiƙa ɗaya ba, amma na san ya gane komai. Ya cusa kwalin a aljihu, ya sungumi Abba kamar ƙaramin yaro. "Buɗe min mota."

A hanya Abba ya farfaɗo, kansa a cinyata, yana ta tambayar ina za mu. Antin tana gaba, ba ta juyo ba ko sau ɗaya. Yaya da Goggo suna biye da mu a tasa motar.

A asibiti aka shige da shi, aka manna masa wayoyi a ƙirji, aka ɗaura ƙarin ruwa. Mu aka bar mu a kan benci a baranda mai warin maganin wanke ƙasa. Na yi ta goge rigata da mayafi, abin sai ƙara yaɗuwa yake. Kusan awa ɗaya kafin likitar ta fito, wata 'yar siririya da biro a saƙale a aljihu.

"Wa yake ba shi magani a gida?"

Na miƙe. "Ni ce."

"Yana sha kullum?"

Kowa yana wurin. Mai Tabarau a jingine da bango, Antinsa a ƙarshen benci da jakarta a cinya.

"Na dakatar da shi kwana tara. Yana sa shi amai da gudawa, ya daina cin abinci. Yau aka ba shi."

"Guda nawa?"

Yaya ya ce, "Ɗaya. Ni na ba shi, takwas da rabi."

Sai muka ji wata 'yar ƙara daga bakin Goggo. Ta toshe baki da gefen mayafi.

"Ni ma na ba shi ɗaya."

Yaya ya juya. "Goggo?"

"Da tana wanka. Na ga an ce ya yi kwana tara bai sha ba, na ce bari in ƙara masa ko ya cike gurbi, ya gane baƙi. Wallahi alheri na nufa. Yayana ne fa, uwa ɗaya uba ɗaya."

Likitar ta rufe ido ta buɗe. Ba ta yi faɗa ba, da ta yi ma da ya fi min sauƙi. Ta ce maganin nan yana iya rage bugun zuciya ko a yadda aka rubuta shi. In an daina shi kwanaki, ba a komawa kan mai ƙarfin kai tsaye, daga ƙarami ake sake farawa. Balle biyu a wuni ɗaya, a jikin dattijon da ya rame haka.

Ta dube ni. "Abin da kika gani a jikinsa gaskiya ne, ba ki yi ƙarya ba. Amma da kin ɗauko shi kin kawo, ko ranarku ba ta zo ba. Ba a dakatar da irin wannan a ɓoye." Ta dubi Yaya. "Wanda yake kwana da mara lafiya ya tashi da shi, in ya ce akwai matsala, a saurare shi."

Yaya ya zauna a kan benci ya dafe kansa da hannu biyu.

"Zai tashi?" na tambaya.

"Bugun ya fara dawowa, kan ma ƙaramin rauni ne. Zai kwana biyu a nan. Amma maganin mun tsayar da shi, sai mun gama duba zuciyarsa. Mai yiwuwa ba zai koma kansa ba sam. Ku shirya, mantuwar za ta iya ƙaruwa."

Ta faɗi sunan ciwon a fili, sau biyu. Antin tana jin komai.

Aka ce mutum biyu za su iya shiga. Yaya ya girgiza kai, ya ce ba zai iya haɗa ido da shi yanzu ba. Na shiga, sai na ji takun Mai Tabarau a bayana.

Abba ya ƙanƙance a gadon, filasta a gefen goshi, idonsa tsirara babu gilashi. Na'urar da ke kansa tana ƙara a hankali. Na kama hannunsa.

"Auta."

"Na'am, Abba."

"Kin ɓata rigarki."

"Ba komai, zan wanke."

Ya juya ido kan Mai Tabarau, ya yafito shi da yatsa. Ya matso ya rusuna. Abba ya kama wuyan hannunsa ya riƙe gam, ban san yana da sauran ƙarfi haka ba. Muryarsa ta fito tar, irin ta malamin da na sani tun ina yarinya.

"Na san abin da ya kawo ka gidana. Kaina yana tafiya, yaro, ni ma na sani. In ka ɗauke ta, wa zai zauna da ni?"

Tambayar da na yi wata da watanni ina gudunta, ko a raina ban yarda na yi wa kaina ita ba.

Mai Tabarau ya buɗe baki. Ya kalle ni, ya kalli Abba. Kafin ya samo abin faɗa, idon Abba ya lumshe, hannunsa ya saki, barci ya ɗauke shi.

Na'urar tana ta ƙararta.

"Me ya sa ba ki gaya min ba?" in ji Mai Tabarau, ƙasa-ƙasa, ba tare da ya dube ni ba.

"An hana ni."

"Shekara guda, Auta. Na ɗauka babu abin da ban sani ba a kanki."

"Tsoro na ji."

"Tsoron me? Ni?"

Ya ciro kwalin maganin daga aljihunsa ya ajiye a kan 'yar durowar gefen gado, ya fita ya ja ƙofar a hankali.

Na zauna a kujerar roba, na kifa goshina a gefen katifar Abba. Ban san minti nawa na yi a haka ba. Wayata ta yi motsi a cikin jaka. Na ɗauka shi ne, na ciro ta da sauri har ta kusa suɓucewa.

Baƙuwar lamba ce.

"Ni ce yayarsa. Na tura shi ya sayo ruwa. Ina cikin mota a bakin ƙofar asibiti. Ki fito yanzu, ke kaɗai, kafin ya dawo."

Na kalli Abba, ƙirjinsa yana hawa yana sauka. Na kalli rigata da ta bushe da amai. Na ja mayafi na rufe gabanta, na miƙe.